Kiɗa Ba Waƙa: Tarke a Kan Ogan ɗin Mamman Sani na Yamai da Makusantansa

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya zauna a ajin adabin baka ya san hanyar da muka saba bi idan za mu yi wa waƙa tarke. Za a fara da tarihin makaɗi, a kawo salsalar waƙar, a fito da jigo da warwararsa, sannan a shiga zubi da tsari da salon sarrafa harshe. Wannan hanya ce da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya daidaita a littafinsa Jagoran Nazarin Waƙar Baka na shekarar 1993, kuma ta yi wa nazarin Hausa amfani ƙwarai. Sai dai idan aka lura, kusan dukkan matakanta a kan kalmomi suke tafiya. Kiɗa kuwa akan ambace shi ne a layi biyu ko uku: da kalangu ake yi, ko da kotso, ko da kukuma, shi ke nan sai a wuce.

To, yaya manazarci zai yi idan aka ajiye masa faifan da babu kalma ko guda a cikinsa? Wannan takarda za ta gwada amsa tambayar ta hanyar duba wani salon kiɗa da ya bunƙasa a Turai a shekarun 1970, wanda yake haɗa rok da kiɗan simfoni da kuma abin da za mu kira kiɗan yanayi, sannan ta nemi mafi kusa da shi a ƙasashenmu. Ba a Kano aka same shi ba, ba kuma a zangunan Hausawa na arewacin Togo ba. A Yamai yake, a hannun wani mai kaɗa ogan da ake kira Mamman Sani Abdullahi, wanda a faya-fayansa ake rubuta sunansa Mamman Sani ko Mammane Sani Abdoulaye.

2.0 Salon a Inda Ya Fito

Kiɗan rok na farko gajere ne, minti biyu zuwa uku, da jita da ganga da murya, an yi shi don rawa da gidan rediyo. Daga ƙarshen shekarun 1960 sai wasu makaɗa a Ingila suka ga wannan riga ta yi musu kaɗan. A 1967 ƙungiyar Moody Blues ta fitar da Days of Future Passed, inda ta haɗa kai da cikakken taron makaɗan simfoni masu goge iri-iri da kayan busa. A 1969 King Crimson ta fitar da In the Court of the Crimson King. Daga nan kiɗa ɗaya ya fara cinye gefen faifai sukutum: Echoes na Pink Floyd, a faifan Meddle na 1971, ya haura minti 23, Close to the Edge na ƙungiyar Yes a 1972 kuma ya kai kimanin minti 18. Wannan shi ne rok ɗin da masu shi suka yi wa laƙabi da na ci-gaba.

Na'ura ta taka rawa a nan. Akwai wata mai suna Mellotron, mai kama da fiyano, wadda a ƙarƙashin kowane maɓalli nata akwai zaren kaset da aka naɗi sautin goge ko sarewa ko muryoyin 'yan amshi. Idan aka danna, sai zaren ya juya na kimanin daƙiƙa takwas. Da ita mutum ɗaya yake iya kwaikwayon taron makaɗa masu yawa, ko da yake sautin yana fitowa da ɗan rawa-rawa kamar an jiyo shi daga bayan katanga. Wannan rawa-rawar da ya kamata ta zama aibi, ita ce ta zama alamar salon.

Kiɗan yanayi reshe ne da ya tsiro a gefen wannan bishiya. Brian Eno, wanda ya fito daga ƙungiyar Roxy Music, ya yi aiki da Robert Fripp na King Crimson a 1973, suna zagaya zaren kaset ɗaya tsakanin rakoda biyu don sauti ya riƙa dawowa yana hawa kan kansa. A 1978 Eno ya fitar da Ambient 1: Music for Airports. Manufarsa ita ce kiɗan da zai cika wuri kamar yadda ƙanshin turare yake cika ɗaki, wanda ya so ya saurara ya sami abin saurare, wanda bai so ba kuma kada ya dame shi. Mai karatu ya riƙe wannan shekara ta 1978, za mu sake cin karo da ita.

Afirka ta Yamma ba ta yi nisa da wannan harka ba kamar yadda ake zato. Ƙungiyar Osibisa, wadda 'yan Gana suka kafa a Landan, mai zane Roger Dean ne ya zana mata bangon faifanta na 1971, kuma shi ne ya shahara da zana wa Yes nata.

3.0 Mamman Sani da Ogan Ɗinsa

An haifi Mamman Sani a birnin Accra, ya tashi a Nijar, ya yi koyarwa, sannan ya yi aiki da hukumar UNESCO. Ta hanyar wannan aiki ne ya sayi ogan na lantarki ƙirar Italiya, samfurin Orla, daga hannun wani abokin aiki ɗan Ruwanda, a shekarun 1970. Ogan irin wannan yana da maɓallai kamar fiyano, amma sautinsa ba ya mutuwa matuƙar yatsa yana kan maɓalli, kuma yana da wata 'yar na'ura a ciki mai buga ganga da kanta. A 1978 ya shiga situdiyon gidan rediyon ƙasa a Yamai ya naɗi kiɗansa, ya kaɗa sau ɗaya, ya sake kaɗa wani a kansa. An yi niyyar fitar da shi a kaset tare da ma'aikatar al'adu, amma kaɗan ne ƙwarai suka fita.

Abin da ya faru bayan haka shi ne ya fi jan hankali. Rediyo da talabijin na Nijar suka ɗauki kaɗe-kaɗensa suna cike gurbi da su tsakanin shiri da shiri, shekara da shekaru. Mutane suka haddace raujin, yara suka tashi da shi a kunne, amma ba kowa ne ya san sunan mai shi ba. Sai a 2013 ne kamfanin Sahel Sounds na Christopher Kirkley, da ke Portland a Amurka, ya sake fitar da naɗin a faifai da sunan La Musique Électronique du Niger. Daga baya aka fitar da Taaritt a 2014, wanda aka naɗa a shekarun 1980, da kuma Unreleased Tapes 1981-1984 a 2015.

Ga abin mamaki. A shekara guda, Eno yana rubuta bayani a kan kiɗan da za a iya ji ba tare da an saurara ba, Mamman Sani kuma yana Yamai yana naɗar kiɗan da wannan ƙaddara za ta faɗa wa ba tare da ya nema ba. Wancan ya sami suna a matsayin wanda ya ƙago salo, wannan kuwa ya zama kamar gishiri a miya, ana jin daɗinsa ba a ambatonsa. Wannan ne ya sa masu sharhi na ƙasashen waje suke saurin ajiye su a kwando ɗaya. A ganina wannan kwatanci ya taimaka wajen sayar da faifan, amma ya rufe abin da ya fi muhimmanci a cikinsa.

3.1 Shin Kiɗan Yana Magana?

Bahaushe ya raba kiɗa da waƙa da busa, kowanne da sunansa, amma bai taɓa ɗaukar kiɗa a matsayin bebe ba. Kalangu yana kiran suna. Kowane sarki da kowane ɗan dambe yana da takensa, wanda ake gane shi da shi tun kafin maroƙi ya buɗe baki. A wajen bori, mai goge ko mai garaya yana sauya kiɗa, masu sani kuma su gane wane iska ake kira. Dalilin wannan a cikin harshen yake. Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali. Kalmar kuka ta mai hawaye gaɓoɓinta biyu duk a sama suke, kuka ta miya kuwa tana farawa a sama ta sauka ƙasa. Makaɗin kalangu yana matse tsarkiya a hammata sauti ya hau, ya sassauta ya sauka, da haka yake bin hawa da saukar magana har mai sauraro ya ji kalmar da ba a furta ba.

Kiɗan Eno ba ya nufin faɗar komai, kuma da gangan aka yi shi haka. Kiɗan Mamman Sani ba haka yake ba. Da yawa daga cikin raujin da yake kaɗawa na tsofaffin waƙoƙin al'ummun Nijar ne: na tende, wato kiɗan turmi na matan Abzinawa, da na Fulani Woɗaaɓe, da na makiyaya. Ya cire kalmomin ya bar ƙashin. Saboda haka mutum biyu suna iya zama a gaban rediyo ɗaya su ji abu biyu daban. Baƙo zai ji sauti mai faɗi yana shawagi, ya ce ai wannan hoton hamada ne. Wanda ya san waƙar kuwa zai ji bakinsa yana motsi da kansa, domin kalmomin suna nan a ƙwaƙwalwarsa, kiɗan ya tashe su ne kawai.

Akwai hujja mai sauƙi a cikin aikinsa da kansa. Ya kaɗa wata sananniyar waƙar Amurka mai suna Five Hundred Miles a ogan, ba murya. Ba'amurken da ya ji ta ba zai ce hoton hamada ce ba. Zai tuna kalmomin nan take, ya cike gurbin da kansa. To, abin da yake yi da wannan waƙa guda, shi ne abin da ɗan Nijar yake yi da sauran. Idan haka ne, manazarci ba shi da uzurin cewa babu jigo tun da babu kalma. Jigon yana nan, sai dai an ba mai sauraro ajiyarsa.

Ta fuskar zubi da tsari ma, ma'auninmu na gida ya fi na waje dacewa da shi. Rok ɗin ci-gaba na Ingila yana tafiya ne kamar labari: buɗewa, hauhawa, rikici, warwarewa, kowane sashe da kiɗansa. Kaɗe-kaɗe irin su Salamatu da Lamru da Bodo ba sa zuwa ko'ina ta wannan ma'ana. Akwai ɗan gajeren rauji da ake komawa gare shi a kai a kai, daidai da gindin waƙa, sai hannun dama ya fita ya yi ɗan yawo ya dawo, daidai da ɗiyan waƙa. Naɗi na biyu da ya ɗora a kan na farko yana yin aikin 'yan amshi. Mutum ɗaya ne ya zama jagora da 'yan karɓi a lokaci guda. Dogon sautin da ba ya yankewa a ƙasa kuwa, wanda aka ɗauka shi ne mafi baƙunta a kunne, mai algaita ya daɗe yana yin sa: yana cika kumatu da iska, yana shaƙa ta hanci yana busawa ta baki, sauti ba ya tsayawa.

3.2 Inda Ogan Ya Gaza

Tarke ba yabo ba ne kaɗai. Ogan yana da iyaka biyu da ba ya iya tsallakewa, kuma duk ana jin su a faifan.

Ta farko ita ce maɓalli. An raba matakan sauti a jikinsa gida goma sha biyu daidai wa daida, bisa tsarin Turai. Yawancin raujin wannan yanki a kan matakai biyar suke tafiya, kuma ana iya samun biyar ɗin a cikin sha biyun, shi ya sa waƙar take ganuwa. Amma mai goge ko mai kukuma ba ya tsalle daga mataki zuwa mataki kamar mai hawa tsani. Yana zame yatsa ne a kan izga, sauti ya bi ta tsakani, kuma a wannan tsakanin ne kukan goge yake. Hausa ma tana da sauti mai faɗuwa a cikin gaɓa guda, kamar a kalmar kai ta jiki. Maɓalli ba ya zamewa. Ko dai wannan ko wancan. Don haka ogan yana iya tuna maka da waƙa, amma ba ya iya furta ta kamar yadda kalangu yake yi. Mamman Sani yana rage wannan gibi da saurin yatsu, yana taɓa maɓallin kusa kafin ya sauka a kan wanda yake nufi, dabarar da takan yi aiki a wasu wurare, a wasu kuma ta fito kamar ado kawai.

Ta biyu ita ce gangar cikin na'ura. An tsara ta ne don rawar Turawa, tana bugawa ba ƙari ba ragi, ba ta gajiya, ba ta jin daɗi. Makaɗin tende ko na kalangu yana ja da baya kaɗan ko ya matsa gaba gwargwadon yadda fage ya ɗauki zafi. A inda Mamman Sani ya bar wannan ganga ta yi ƙasa, ya ba shiru haƙƙinsa, kiɗan yana da kwarjini irin wanda ba a samu a wurin kowa ba. A inda gangar ta fito gaba, sai raujin ya zama kamar dokin da aka ɗaure wa ƙafa, yana da ƙarfin gudu amma an hana shi. Faifan Taaritt, wanda aka yi da na'urori masu ƙarfi fiye da Orla, ya fi tsabtar sauti, amma ban ga ya fi na 1978 ratsa jiki ba. Ƙarancin kayan aiki ne ya tilasta masa barin sarari a naɗin farko, kuma sararin shi ne rabin kiɗan.

4.0 Rabon da Ya Faɗa Hannun Wasu

Mai neman dukkan sassan salon a hannun mutum ɗaya ba zai samu ba a Nijar. Mamman Sani ya ɗauki yanayin, bai ɗauki rok ɗin ba. Wannan rabo ya faɗa hannun masu jita. Mdou Moctar, Ba'abzine bahago wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, ya naɗi faifansa na farko, Anar, a Sakkwato a 2008, da na'urar lanƙwasa murya irin wadda mawaƙan finafinan Hausa suke amfani da ita. Ɗalibin Hausa ya kamata ya lura da wannan: mutumin da yau ake kwatanta shi da manyan masu jita na duniya, ta situdiyon ƙasar Hausa ya bi. Zuwa 2021, a faifan Afrique Victime, waƙar da ta ɗauki sunan faifan ta haura minti bakwai, tana farawa a hankali, ganga tana ƙara sauri, har murya ta janye ta bar jita ita kaɗai tana ruri. A nan jita tana yin abin da ogan ya kasa, domin ana iya tura tsarkiyarta da yatsa sauti ya zame.

Sauye-sauyen kiɗa masu rikitarwa, waɗanda su ne abin alfaharin King Crimson da Yes, sun fi fitowa a wurin ƙungiyar Tal National ta Yamai, wadda Almeida, alƙali kuma mai jita, yake jagoranta. Suna waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci, suna haɗa kalangu da gangunan Turawa, kuma a faya-fayansu Kaani na 2013 da Tantabara na 2018 kiɗa yakan juya kwatsam a tsakiyar waƙa kowa kuma ya faɗa daidai. Bambancin shi ne su don masu rawa suke yi, ba don mai zaune a kujera da idanu a rufe ba.

Sashen simfoni shi ne bai sami mai ɗauka ba, kuma dalilin ba boyayye ba ne: taron masu goge arba'in yana bukatar makaranta da albashi da zaure. Abin da ya zo a madadinsa shi ne fiyanon Yamaha, wanda daga ƙarshen shekarun 1990 ya mamaye situdiyoyin Kano. A cikinsa akwai goge da sarewa da ganga duk a akwati ɗaya, wato jikan Mellotron ne a farashi mai sauƙi. Amma a Kano murya ce sarauniya, fiyano bara ne mai riƙe mata tabarma, da wuya a bar shi ya yi minti ɗaya shi kaɗai.

Wanda ya bi sawun Mamman Sani sosai shi ne Hama, wani mai fiyano na Yamai, wanda Sahel Sounds ya fitar masa da Torodi a 2015 da Houmeissa a 2019. Shi ma tsofaffin rauji yake ɗauka ya cire kalmomi, amma nasa kiɗan ba ta gidan rediyon gwamnati ya fara yaɗuwa ba, ta katin waya ne, daga hannu zuwa hannu, sau da yawa ba suna a jiki. Irin wannan hanya ba ta san iyakar ƙasa ba. Titin da manyan motoci suke bi daga tashar jiragen ruwa ta Lome zuwa Yamai yana ratsa Sokode da Mango da yankin Tanjuware da Dafango kafin ya shiga Burkina Faso ta Sinkase, kuma Hausa tana cikin harsunan ciniki a zangunan wannan hanya tun zamanin fataken goro na Gwanja. Ɗalibin da ya fito daga can yana da aikin da zai iya yi wanda na Kano ba zai iya ba: ya kunna Salamatu ko wani kiɗa na Hama ga dattijon zango da ga maƙwabcinsa ɗan ƙabilar Moba ko Kotokoli, ya rubuta abin da kowannensu ya ce ya ji, da kuma wanda bakinsa ya motsa a cikinsu.